Shin Ƙona Biranen Japan a 1945 Yana da Hujja?

Tambaya: Wani mai karatu ya ce ya sha jin ana faɗin cewa bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki su ne suka kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wai rayukan da suka ceta sun fi waɗanda suka halaka yawa. Yana son sanin irin asarar da fararen hula suka yi, da kuma ko wannan hujja ta isa ta wanke waɗanda suka ba da umarni.

Amsa: Malam mai tambaya, hujjar da ka ji tana da nauyi fiye da yadda masu sukar Amurka suke son yarda, amma a ganina ba ta isa ta wanke kowa ba. Sai dai kafin a iso Hiroshima tilas ne a koma baya wata biyar, domin duk wanda ya fara lissafinsa daga ranar 6 ga Agusta ya tsallake daren da aka tabbatar da cewa ƙona unguwannin talakawa tare da mutanen da ke cikinsu hanya ce ta yaƙi da za a iya bi ba tare da kunya ba.

Tun daga ƙarshen 1944 manyan jiragen Amurka samfurin B-29 suka fara kai wa Japan hari daga tsibiran Saipan da Tinian da Guam. Shirin farko shi ne a auna masana'antun ƙera jiragen yaƙi da rana tsaka daga can ƙololuwar sama, domin hafsoshin sojan saman Amurka suna alfahari da cewa su ba sa jifan kan mai uwa da wabi irin wanda sojan Ingila ke yi wa biranen Jamus cikin dare. Shirin bai haifar da ɗa mai ido ba. Iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa a saman Japan tana kwashe bama-baman, gizagizai kuma suna rufe ƙasa kwana da kwanaki. A Janairun 1945 aka sauke Janar Haywood Hansell, wanda ya dage a kan wannan hanya, aka naɗa Janar Curtis LeMay, mai shekara 38, wanda ya fahimci cewa shi ma sauke shi za a yi idan bai nuna sakamako ba.

Makamin da LeMay ya koma gare shi an daɗe da tanadarsa. A 1942 masana sinadarai a jami'ar Harvard suka haɗa nafam, wato man fetur da aka kaurara ya yi danƙo, yana manne wa duk abin da ya taɓa yana ci da wuta. A 1943, a filin gwajin makamai na Dugway da ke jihar Utah, aka gina gidaje irin na ma'aikatan Japan, da katako da ƙofofin takarda da tabarmi da kayan ɗaki, aka riƙa ƙona su ana sake ginawa domin a gano bam ɗin da ya fi saurin tayar da gobarar da ba ta kasuwa. Wanda ya yi fice shi ne M-69, ɗan ƙaramin bututu da bai kai kilo uku ba, ana ɗaure 38 a dami guda, damin ya tarwatse a sama, kowane bututu ya huda rufi ya fesa wuta cikin ɗaki. Wannan gwaji yana da muhimmanci ga tambayarka, domin ba masana'anta aka gina a Dugway ba, ɗakunan kwana aka gina.

A daren 9 ga Maris 1945 wayewar 10 ga wata, jirage 334 suka tashi, 279 daga cikinsu suka isa Tokyo, suka sauko ƙasa-ƙasa yadda ba su taɓa yi ba, suka zuba kimanin tan 1,665 na bama-baman gobara a gabashin birnin, a unguwanni irin su Asakusa da Honjo da Fukagawa, inda ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i suke zaune a cunkushe cikin gidajen katako. Akwai iska mai ƙarfi a daren, ita ta haɗe gobarorin suka zama wuta guda mai gudu fiye da mutum. Jama'a suka nufi kogin Sumida, waɗanda ke gabas suna zaton tsira tana yamma, na yamma kuma suna zaton tana gabas, sai suka yi karo a kan gadar Kototoi ɗauke da ƙunshin kaya da jarirai a goye, aka rasa mai iya gaba ko baya, wuta ta bi ta kansu. Waɗanda suka faɗa ruwa sanyin ƙarshen hunturu da hayaƙi suka kashe da yawansu, waɗanda kuma suka fake a makarantu na kankare suna ganin ba za su kama ba, zafi ya gasa su a ciki. Matuƙan da suka zo a ƙarshen jerin sun ba da labarin cewa ƙaurin naman mutane ya iske su har cikin jiragensu. Kafin gari ya waye murabba'in kilomita 41 ya zama toka, mutum fiye da miliyan ɗaya sun rasa matsuguni. 'Yan sandan Tokyo sun ƙirga gawa 83,793, yawancin masana kuwa suna kai adadin kusan 100,000, kuma sai da aka shafe fiye da mako uku ana kwasar gawawwaki.

Akwai abin da ya ƙara yawan mamatan wanda ba daga sama ya zo ba. Dokar kare kai daga harin sama ta Japan, bayan gyaran da aka yi mata a 1941, ta ba hukuma ikon hana mazauna birane guduwa, ta kuma ɗora musu wajibcin tsayawa su kashe wuta, alhali abin da aka koya musu bai wuce miƙa bokitin ruwa hannu da hannu da watsa yashi ba. An kwashe ɗaruruwan dubban 'yan firamare zuwa ƙauyuka tun 1944, amma 'yan ajin ƙarshe da yawa sun dawo Tokyo a farkon Maris domin bikin kammala makaranta, suka tarar da ajalinsu. Waɗanda aka bari a ƙauye kuma da dama sun wayi gari ba uwa ba uba. Ƙidayar da gwamnati ta yi a 1948 ta samu marayu fiye da 120,000 a ƙasar, kuma an daɗe ana ganin yara suna kwana a ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Ueno suna bara da goge takalma, jama'a na ƙyamarsu.

Cikin kwana goma bayan Tokyo aka ƙona Nagoya da Osaka da Kobe, har bama-baman gobara suka ƙare a rumbunan LeMay, ya dakata ya jira a kawo wasu. Da manyan birane suka ƙare aka koma kan matsakaita da ƙanana, har adadinsu ya kai 67. Toyama, a farkon Agusta, kusan kashi 99 cikin 100 nata ya ƙone. Ko a daren 14 ga Agusta, sa'o'i kaɗan kafin Sarki Hirohito ya yi jawabin miƙa wuya, an ƙona Kumagaya da Isesaki.

Hiroshima tana cikin 'yan biranen da aka hana LeMay taɓawa, ba don tausayi ba, sai don a samu gari lafiyayye da za a auna ƙarfin sabon makamin a kansa. Ranar 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe jirgin Enola Gay ya saki bam ɗin yuraniyom (wanda mafi yawan ma'adininsa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi), aka auna gadar Aioi da ke tsakiyar gari, ya fashe kimanin mita 600 a sama da ƙarfin da ya kai na tan 15,000 na nakiya. Gaskiya ne akwai hedikwatar babbar rundunar da ke tsaron kudancin Japan a garin, da dubban sojoji, da tashar jirgin ruwa ta Ujina. Amma manyan masana'antun suna bayan gari, kuma yawancinsu sun tsira. Waɗanda ke tsakiyar gari a wannan sa'a su ne ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da matan gida, da dubban 'yan makarantar sakandare masu shekara 12 da 13 da aka fito da su suna rushe gidaje domin buɗe hanyar tare gobara, kuma kusan 6,000 daga cikin waɗannan yara suka mutu. Kashi 90 cikin 100 na likitocin garin sun mutu ko sun jikkata, don haka waɗanda suka fito da fata tana reto a hannuwansu suna roƙon ruwa ba su sami mai duba su ba. Hukumar birnin ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 1945 mutum kusan 140,000 ne suka mutu, cikinsu har da dubban 'yan Koriya, waɗanda da yawansu aikin tilas ya kawo su, da fursunonin yaƙi Amurkawa 12.

Nagasaki ba ita aka nufa ba ranar 9 ga Agusta. Kokura aka nufa, hayaƙi da gizagizai suka rufe ta, jirgin ya juya da ɗan man da ya rage masa, da ƙarfe 11:02 ya saki bam ɗin a kan kwarin Urakami, inda masana'antun makamai na Mitsubishi suke, inda kuma Kiristocin Katolika da suka jure ƙarnuka na tsangwama suke zaune kewaye da babbar cocinsu. Kimanin 8,500 daga cikin Katolika 12,000 na yankin suka mutu. Jimillar mamata zuwa ƙarshen shekara ta kai kusan 74,000.

Abin da ya bambanta waɗannan birane biyu da Tokyo shi ne kisan bai tsaya da mutuwar wuta ba. Bayan mako ɗaya ko biyu mutanen da ba su da ko ƙwarzane suka fara zubar gashi, dasashi na jini, tabo na fitowa a fata, suna mutuwa saboda tururin nukiliya ya lalata ɓargonsu. Sankarar jini ta yi ƙamari a farkon shekarun 1950, sauran nau'o'in sankara suka biyo baya a hankali. Hukumomin Amurka da suka mamaye Japan bayan yaƙi sun kafa dokar tace labarai a Satumban 1945 wadda ta toshe bakin jaridun Japan a kan wannan batu na tsawon shekaru, Janar Leslie Groves, shugaban aikin ƙera bam ɗin, har ya gaya wa 'yan majalisar dattawa cewa an shaida masa mutuwar tururin mutuwa ce mai daɗi. Hukumar da Amurka ta kafa domin nazarin waɗanda suka tsira tana auna su tana rubutawa, amma ba aikinta ba ne ta yi musu magani. A cikin al'ummarsu ma ba su huta ba, domin an riƙa gudun aurensu da ɗaukarsu aiki, shi ya sa da yawa suka ɓoye asalinsu har ga 'ya'yansu. Idan aka haɗa gobara da nukiliya, ƙiyasin da aka fi yarda da shi yana tsakanin mutum 300,000 da fiye da 500,000, akasarinsu fararen hula.

To, mene ne hujjar masu kare wannan aiki? Bai kamata a raina ta ba. Japan ce ta fara yaƙin, kuma a 1945, duk da ta san ta sha kaye, shugabannin sojanta sun ƙuduri aniyar jawo Amurka cikin wani gumurzu na ƙarshe a kan ƙasarsu wanda zai yi tsadar da za ta sa a sassauta musu sharuɗɗa. Yaƙin tsibirin Okinawa ya nuna irin abin da ke tafe: daga Afrilu zuwa Yuni Amurkawa kusan 12,500 suka mutu, sojan Japan kusan 100,000, fararen hula ma kusan haka. An shirya mamaye tsibirin Kyushu ranar 1 ga Nuwamba, kuma saƙonnin sirri da Amurka ke karantawa sun nuna cewa Japan ta tara rundunoni 14 a can, alhali shida aka yi tsammani. A watan Yuni gwamnatin Japan ta yi dokar da ta sa maza daga shekara 15 zuwa 60 da mata daga 17 zuwa 40 cikin mayaƙan sa-kai, ana koya musu suka da mashin gora.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda kuma aka fi mantawa da ita, ita ce ta mutanen Asiya da ke ƙarƙashin mamayar Japan. A Manila, babban birnin Filifin, kaɗai, a Fabrairun 1945, fararen hula kusan 100,000 suka halaka. Yunwa ta kashe ɗaruruwan dubbai a arewacin Biyetnam, 'yan aikin tilas na tsibirin Jawa suna mutuwa, Sin na zubar da jini tun 1937, kuma masana da dama sun ƙiyasta cewa kowane wata da yaƙin ya ƙara yana cin fiye da rai 100,000 a yankin. A nan ne ma batun ya taɓo mu, domin dubban sojojin Najeriya da na Gana da ke rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa, sun fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, kuma lokacin da aka jefa bam ɗin ba su dawo gida ba tukuna. Tsohon sojan Bama da ya ce ya yi farin ciki da jin yaƙi ya ƙare, ko ta wace hanya, ba wanda zai ga laifinsa.

Duk da haka hujjar tana da ɓaraka a wurare da dama. Adadin nan da aka fi yawan ambata, cewa mamaya za ta jawo wa Amurka asarar fiye da mutum miliyan ɗaya tsakanin matattu da masu rauni, ya shahara ne daga wata maƙala da tsohon sakataren yaƙi Henry Stimson ya buga a Fabrairun 1947, bayan an fara sukar bam ɗin a cikin gida. A taron da Shugaba Truman ya yi da hafsoshinsa ranar 18 ga Yuni 1945, Janar George Marshall ya kwatanta watan farko na mamayar Kyushu da yaƙin tsibirin Luzon na Filifin, inda asarar ta kasance 31,000. Ana iya cewa taruwar sojan Japan daga baya ta sa wannan ƙiyasi ya yi kaɗan, kuma haka ne. Amma babbar matsalar ita ce yadda ake gabatar da lamarin tamkar hanya biyu ce kawai, ko bam ko mamaya. Jiragen ƙarƙashin teku da nakiyoyin da aka dasa a mashigan ruwa sun riga sun yanke wa Japan mai da ƙarfe da abinci. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya yi alkawari a taron Yalta cewa zai shiga yaƙin cikin wata uku bayan faɗuwar Jamus, ya kuma cika ranar 8 ga Agusta. Joseph Grew, tsohon jakadan Amurka a Tokyo, ya roƙi a fito fili a ce ba za a tuɓe gidan sarauta ba, Stimson ya sa wannan a daftarin Sanarwar Potsdam, wadda ta gindaya wa Japan sharuɗɗan miƙa wuya, aka cire shi kafin a fitar da ita ranar 26 ga Yuli. Wasu masana kimiyya na aikin bam ɗin, a rahoton Franck na watan Yuni, sun ba da shawarar a nuna ƙarfinsa a wurin da babu mutane. Masana tarihi suna saɓani a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi zai wadatar, kuma saƙonnin ministan harkokin wajen Japan, Shigenori Togo, zuwa jakadansa a Mosko ba su nuna gwamnatin da ta shirya ajiye makami ba. Abin da ba a saɓani a kansa shi ne ba a gwada su ba, kuma a ƙarshe an bar Hirohito a kan karagarsa har ya rasu a 1989.

Ko batun cewa bam ne ya kawo ƙarshen yaƙin bai kai yadda ake faɗinsa sauƙi ba. Masana tarihi Richard Frank da Sadao Asada suna ganin bam ɗin ne ya girgiza fada, Tsuyoshi Hasegawa kuwa yana ganin shigar Tarayyar Sobiyet ce ta rushe dabarar shugabannin Japan, tun da da Mosko suka dogara ta shiga tsakani. Sarkin da kansa ya ambaci sabon bam mai muni a jawabinsa na 15 ga Agusta ga al'umma, amma a saƙonsa ga sojoji bayan kwana biyu shigar Sobiyet ya ambata. Ni ina ganin duka biyun sun yi aiki tare, kuma ko bayansu majalisar ƙoli ta yaƙi mai mutum shida ta rabu uku da uku sai da sarki ya sa baki, har wasu matasan hafsoshi suka yi yunƙurin ƙwace fada a daren 14 ga wata domin su hana a watsa jawabin.

Nagasaki ce ta fi wuyar karewa. Umarnin da aka ba Janar Carl Spaatz ranar 25 ga Yuli ya ce a riƙa jefa bama-baman da zarar sun samu, don haka babu wani zama da aka yi a Washington domin yanke shawarar jefa na biyu. An tsara shi ne ranar 11 ga Agusta, hasashen yanayi ya sa aka matso da shi. Kwana uku ba su isa gwamnatin da layukan sadarwarta suka tsinke ta tantance abin da ya sami Hiroshima ba, kuma majalisar ƙolin tana zaune tana muhawara a kan miƙa wuya lokacin da labarin Nagasaki ya iso. Washegari Truman ya hana a sake jefa wani sai da izininsa, ya kuma gaya wa ministocinsa, kamar yadda ɗaya daga cikinsu, Henry Wallace, ya rubuta a littafin ajiyarsa, cewa ba ya son tunanin sake kashe mutum 100,000 da yara masu yawa haka.

Amma mu ɗauka cewa masu kare bam ɗin sun yi daidai a kowane lissafi, mu ga ko hakan ya rufe magana. Tsofaffin ka'idojin yaƙi, na Musulunci da na Kiristanci, sun haɗu a kan bambance abu biyu: mutuwar farar hula da ta auku ba da nufi ba yayin da ake auna mayaƙi, da kashe shi da gangan domin mutuwarsa ta zama hanyar cimma buri. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf da rushe wuri rayayye, kuma malaman fiƙihu da suka halatta harba manjaniƙi kan ganuwar maƙiya sun yi haka ne bisa sharaɗin cewa mayaƙan ake nufi. A wannan ma'auni ne masaniyar falsafa Elizabeth Anscombe ta tsaya a 1956 tana adawa da digirin girmamawa da jami'ar Oxford ta ba Truman, tana cewa zaɓen kashe marar laifi a matsayin hanyar cimma manufa kisan kai ne, ko da manufar mai kyau ce. A gwada shi ta wata fuska: da sojan Amurka sun kama wani gari na Japan suka ce kullum za su harbe mata da yara dubu har sai Tokyo ta miƙa wuya, babu mai hankalin da zai amince, ko da an tabbatar masa dabarar za ta yi aiki cikin mako guda. Nisan da ke tsakanin jirgi da ƙasa yana sauƙaƙa wa mai aikatawa, amma bai sauya abin da aka aikata ba.

Saura a tambaya ko fararen hular ake nufi. LeMay ya ce masana'antar yaƙin Japan a warwatse take cikin gidaje, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ƙananan masana'antu suna cakuɗe da unguwanni, ko da yake binciken da Amurka ta yi da kanta bayan yaƙi ya gano cewa zuwa 1944 an kusa daina aikin cikin gida. Takardun lokacin sun fi bakin kowa bayyana niyya. Kwamitin da ya ba Truman shawara a ƙarshen Mayu ya amince a jefa bam ɗin ba tare da gargaɗi ba a kan wata muhimmiyar masana'anta da gidajen ma'aikata suka kewaye, domin ya yi tasiri mai zurfi a zukatan mutane da yawa gwargwadon iko. A Yuli wani jami'in leƙen asiri na rundunar sama ta biyar ya rubuta cewa babu farar hula a Japan. Stimson ya rubuta cewa ranar 6 ga Yuni ya gaya wa Truman damuwarsa biyu: kada Amurka ta yi sunan zarce Hitler a ta'asa, kuma kada a ƙone Japan ƙurmus har sabon makamin ya rasa inda zai nuna ƙarfinsa. Mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun a zama ɗaya, shi ne kuma ya cire Kyoto daga jerin saboda darajar tarihinta. Ba a rasa masu ganin munin abin tun a lokacin ba: Janar Bonner Fellers, na hannun daman babban kwamandan Amurka Janar MacArthur, ya bayyana ƙona biranen a wata takarda ta cikin gida a matsayin ɗaya daga cikin mafi rashin imanin kisan waɗanda ba mayaƙa ba a tarihi, Admiral William Leahy, babban mai ba Truman shawara kan harkokin soja, kuma ya rubuta daga baya cewa ba a koya masa yin yaƙi ta hanyar halaka mata da yara ba. Robert McNamara, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin LeMay, ya ce a tsufansa LeMay ya taɓa faɗin cewa da sun sha kaye da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi.

Masu cewa ai Japanawa ma sun yi, gaskiya suka faɗa. Jiragen Japan sun yi wa Chongqing ruwan bama-bamai shekara da shekaru tun daga 1938, kuma abin da sojanta suka aikata a Nanjing a Disamban 1937 ba ya buƙatar ƙarin bayani. Amurka ta yi tir da wannan a lokacin, Shugaba Roosevelt kuma ranar 1 ga Satumba 1939 ya roƙi duk masu yaƙi kada su kai hari ta sama kan fararen hula. Laifin sojan da ya yi kisa a Nanjing ba ya hawa kan yarinyar da ke goye da ƙaninta a gadar Kototoi. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Fabrairun 1945, wata guda kafin a ƙona Tokyo, tsohon firaminista Konoe ya gaya wa Hirohito cewa an riga an sha kaye, a nemi sulhu, sarkin ya amsa cewa sai an ƙara samun wata nasara a fagen fama tukuna. Ya zagaya unguwannin da suka ƙone ranar 18 ga Maris ya gani da idonsa, aka ci gaba da yaƙi wata biyar. Kusan duk farar hular da ta mutu a hare-haren sama ta mutu ne bayan wannan shawara ta Konoe, saboda haka shugabannin da suka hana talakawansu gudu suna cinikin makomar karagarsu suna da kaso babba na alhakin.

Ta fuskar shari'a, dokokin yaƙin sama da aka tsara a Hague a 1923 ba su taɓa zama yarjejeniya ba, kuma kotunan laifukan yaƙi na Nuremberg da Tokyo ba su hukunta kowa a kan jefa wa birane bam ba, tun da masu shari'ar ma sun yi. A Disamban 1963, a shari'ar Shimoda, wata kotu a Tokyo ta yanke cewa harin Hiroshima da Nagasaki ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ta lokacin, amma ta hana masu ƙara diyya. Sai a 1977 ƙarin yarjejeniyar Geneva ya haramta ɗaukar gari guda a matsayin abin hari ɗaya saboda wuraren soja da ke warwatse cikinsa, wanda shi ne ainihin abin da aka yi wa Tokyo. Yarjejeniyar haramta makaman nukiliya, wadda Najeriya ta tabbatar ranar 6 ga Agusta 2020, ta fara aiki a Janairun 2021, amma Amurka da Japan ba sa cikinta.

Waɗanda suka tsira daga nukiliya sun sami dokar kula da lafiyarsu a 1957 bayan doguwar gwagwarmaya, ƙungiyarsu ta Nihon Hidankyo kuma ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024. Waɗanda gobara ta ƙona ba su sami ko wannan ba. Japan ta yafe duk wata da'awa a kan Amurka a yarjejeniyar San Francisco ta 1951, a 1964 ma ta ba LeMay babbar lambar girmamawa saboda taimakon da ya yi wajen kafa sabuwar rundunar samanta. Gwamnati ta biya tsofaffin sojoji da iyalansu tiriliyoyin yen na fansho, amma farar hular da ta rasa ƙafa ko iyaye a harin gobara an ce mata wahalar yaƙi abu ne da kowane ɗan ƙasa ya kamata ya jure, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da wannan matsayi a 1987. Cibiyar adana tarihin harin Tokyo da aka buɗe a 2002 da kuɗin gudummawar jama'a aka gina ta, ƙarar neman diyya da waɗanda suka tsira suka shigar a 2007 kuwa Kotun Ƙoli ta yi watsi da ita a 2013.